Yadda Za Ka Rama Cutar Mugun Sinya Da Dariya

Ɗan yayata ya dawo hutu da shatin bel a bayansa, layi uku, ɗaya har ya fashe. Yana aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar kwana. Bayan sallar isha'i ya same ni a ƙofar gida, ya tsuguna ya ce, "Kawu, a ina ake samun ƙarara?" Ban tambaye shi me zai yi da ita ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san abin da ƙaramin yaro yake nufi in ya fara cigiyar ƙarara: akwai sinya, wato ɗalibin babban aji, da ya ishe shi, yana so ya barbaɗa masa ita a shimfiɗa ya kwana yana susa.

Na ce masa ba zan nuna masa inda take ba, amma ya gyara zama in ba shi labarin yadda muka yi da namu. Abin da na gaya masa a daren nan shi nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ba ne, kuma a makarantun 'yan mata ma haka abin yake.

Ka fara raba cuta gida biyu. Akwai wadda take barin shaida a jiki: duka har jini, hana yaro abinci, sa marar lafiya aiki cikin rana, da abin da ya fi waɗannan muni, wanda yara suke jin kunyar faɗa. Irin wannan ba a rama ta da wasa. A kai ta gaban malami, in malami ya yi burus a kai ta gida, iyaye su zo. Maganar shatin bel ɗin nan washegari ni da mahaifiyarsa muka kira malamin da ke kula da ɗakin kwanansu, ranar komawa kuma da ƙafata na je makarantar. Kada wani ya ruɗe ka da cewa kai ƙara ragwanci ne. Masu dukan ne suka ƙirƙiro wannan maganar don ta yi musu rana.

Ta biyun ita ce wadda ba ta barin tabo: tsawa, wulaƙanci, aiken rainin hankali, karɓe maka sukari da sunan haraji, tsayar da kai a gaban mutane don kawai a nuna maka an isa. In ka kai ƙarar irin wannan sai a dafa kafaɗarka a ce, "Haƙuri za ka yi, kai ma wata rana sinya ne." A kanta nake magana, kuma maganin da na ga ya ci ta da idona shi ne dariyar jama'a.

A tsakiyar shekarun 1990 ina aji biyu a wata makarantar kwana ta gwamnati, ta maza zalla. Wanda ya addabe mu shi ne Lebo, wato ɗan aji shida da aka damƙa wa ragamar shara da yankan ciyawa. Yana da usur da yake ratayewa a wuya da igiyar takalmi, da wani ɗan littafi mai jan bango a aljihun gaba. A ciki yake rubuta sunan duk wanda bai kai masa kofin garin kwaki da ƙwayar sukari biyar ba bayan ranar ziyara. Wanda sunansa ya shiga littafin nan, wankin masai na ranar Asabar nasa ne. Sannan yana da wata ɗabi'a: in ya ba da umarni sai ya ce, "Kafin in ƙirga uku," ya ɗan yi shiru, sai ya daka tsawa, "Biyu!" Bai taɓa farawa daga ɗaya ba. Kafin ka lalubo langalangarka a ƙarƙashin gado ya kai uku, ka makara ke nan, sai tsallen kwaɗo daga ƙofar ɗaki zuwa famfo.

Aikinka na farko shi ne ka sa ido, ka kama bakinka, mako biyu ko uku. Me yake yawan faɗa? Wace doka ya kafa da bakinsa a gaban mutane? Ƙarfe nawa yake fitowa, ta wace hanya yake bi, a gaban wa yake rusunawa? Duk mai ƙaramin iko da ya ɗauki kansa da girma yana da wata kalma ko wata tafiya da ya mayar tambarinsa, kuma nan ne lagonsa. Kada ka rubuta komai a takarda, ka riƙe a ka. Abin da ba za ka taɓa ɗauka ba shi ne abin da ba shi ya yi wa kansa ba: gajarta, baƙi, ɗingishi, talaucin gidansu, garinsu, yarensu, iyayensa. Lebonmu yana da in'ina kaɗan in ransa ya ɓaci, kuma tun ranar farko muka yi alkawari ba mai kwaikwayonta. Halittar Allah ce. Ban da haka, a cikinmu akwai yara biyu masu in'ina, da mun taɓa ta da su muka fara soka kafin shi.

Daga nan sai tara jama'a. Yaro ɗaya in ya yi wa sinya shaƙiyanci, sunansa ya shiga littafi, ya sha wahala shi kaɗai, sauran su ƙara jin tsoro. Amma mutum tamanin ba sa shiga ɗan littafin aljihu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A layin famfo muka riƙa isar da magana, baki da kunne, lokacin da ƙarar bokitai take rufe murya. Kada a yi shawara a ɗakin kwana da dare, don akwai sinyoyin da suke lumshe ido kamar masu barci alhali kunnensu a buɗe yake. Kada a naɗa shugaba, kada a ce wane ne ya kawo dabarar. Mutum ɗaya kuma a bar shi cikin duhu: yaron da yake yi wa sinyan hidima, mai gyara masa gado da wanke masa kwano. Ba don ba a yarda da shi ba. Shi za a fara titsiyewa, gara in an tambaye shi ya rantse bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Makami mafi kaifi a hannun na ƙasa shi ne biyayya, a yi ta har sai ta ishi mai ba da umarnin. Wata Asabar bayan duba tsafta, Lebo ya tara mu a gindin darbejiya ya ce ya lura ba mu da tarbiyya. "Daga yau duk juniyan da ya gan ni ya tsuguna ya gaishe ni, gaisuwa irin ta gida. Ba na son 'gud monin' a tsaye." Ya faɗa a gaban sauran firfet, wato ɗalibai masu muƙami irinsa, kowa ya ji.

Ranar Litinin ana buga ƙararrawar taron safe, wato tsohon wilin mota da aka rataye a reshe, muka rarrabu a kan siririyar hanyar da ta tashi daga ɗakin 'yan aji shida zuwa filin taro, bibbiyu, tazarar taku goma goma. Wanda muka sa a gaba wani yaro ne daga wajen Haɗeja, wanda ya tashi a hannun kakarsa, ya iya gaisuwa kamar dattijo. Lebo na fitowa da farin wandonsa mai karin guga, yaron ya zube a tsakiyar hanya.

"Sinya, ina kwana?"

"Lafiya."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Ina gajiyar jiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya karatu? Yaya shirin jarrabawa? Ana jin labarin mutanen gida? To madalla, Allah ya ba da sa'a, Allah ya ƙara girma."

Lebo ya ji daɗi, har ya ɗan banƙaro ƙirji. Yana ɗaga ƙafa sai na biyu ya zube, ya ɗauko daga "ina kwana". Wanda ya gama sai ya zagaya ta bayan ɗakin cin abinci da gudu ya shiga layin ajinsu. A kan mutum na shida Lebo ya fara amsawa da hannu. A kan na goma aka buga ƙararrawa ta biyu. Ya duba gabansa, ya hango kawuna a tsugune har bakin fili, kowa hannu a kan gwiwa yana jiran nasa rabon. Sai ya bar hanya ya ratsa ta cikin ciyawa, ga shi kaka ta wuce, ƙarangiya ta bushe. Ya iso gefen fili daidai an fara taken ƙasa, dole ya ƙame a inda yake, makaranta gaba ɗaya tana kallon farin wandon nan da ƙarangiya ta yi wa ado har gwiwa. Da aka gama, malamin da ke kan aiki a makon ya tambaye shi dalilin da firfet guda zai makara. Ya ce, "Yara ne suke gaishe ni, sa." Malamai suka fara dariya kafin mu. Kwana uku muka yi muna gaishe shi haka, a hanyar aji, a hanyar masallaci, a hanyar wanka. Ranar Alhamis ya aiko a gaya mana gaisuwa a tsaye ma ta wadatar.

Ka lura da abin da ya sa wannan ta yi aiki. Umarnin nasa ne, kuma akwai shaidu. Ba wanda ya ƙara ko ya rage. Abin da ya yi asara lokaci ne da kwarjini, ba fata ba, ba dukiya ba. Sannan ba wanda ya yi dariya a gabansa, wannan kuwa shi ne mafi wuya. Fuskarka ta zama ta mai ladabi na gaske. In ka san ba za ka iya riƙe dariya ba, ka ciji leɓe ka kalli ƙasa, ko ka nemi a sa ka a ƙarshen layi. Murmushi ɗaya ya isa ya mayar da biyayya ta zama raini, raini kuwa yana da hukunci a dokar makaranta, gaisuwa ba ta da shi.

Mun sake yin irinta sau ɗaya da ruwan wanka. Yana da halin aiken duk yaron da ya ci karo da shi da yamma ya kawo masa bokiti da asuba, ba ya tuna wa ya aika, wanda bai kawo ba kuma ya shiga littafi. Sai muka daina raba aikin a tsakaninmu kamar yadda muka saba. Duk wanda aka aika cikin makon ya ɗebo nasa a safiya ɗaya. Ya farka ya tarar da bokiti goma sha huɗu cike fal sun kewaye gadonsa, ba wurin sa ƙafa, ga masu bokitan a tsaye a ƙofa cikin ladabi suna jiran ya juye ya ba su kayansu su je su yi nasu wankan.

Yanzu bari in koma kan ƙarara, don ita ce aka tambaye ni. A shekarar nan wasu yara na wani ɓangaren ɗakin kwana sun samo ta daga bakin rafi, suka kaɗe ta a bargon kyaftin ɗinsu, wato sinyan da yake shugabantar ɗakin. Wa ya gyara gadon da yamma? Wani ɗan aji ɗaya. Shi ya kakkaɓe bargon, ƙaiƙayin ya bi masa wuya da hannuwa da fuska. Na gan shi a bakin famfo yana kuka yana tsalle, ya soshe wuyansa har jini, ana kwara masa ruwa abin yana ƙaruwa. Kyaftin ko ɗigo bai taɓa shi ba. A daren aka durƙusar da duk 'yan ɗakin a kan tsakuwa har tsakar dare, aka kuma kori wani yaro gida na mako biyu, wanda daga baya kowa ya san ba shi ba ne. Duk abin da ka zuba a gadon babba, ko abincinsa, ko ruwansa, ko takalminsa, ta hannun ƙarami yake bi kafin ya kai gare shi. Saboda haka waɗannan wurare huɗu ka ɗauke su haramtattu, ka haɗa da littattafan karatunsa da akwatinsa. Maganin zawo a cikin miya ba wasa ba ne, guba ce, ba ka san ciwon da mutum yake ɗauke da shi ba.

Haka nan yafa farin zane da dare a tsorata mutum da sunan aljani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, ya farka a firgice. Manzon Allah ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya ce fa kawai aka ɗauke, cikin wasa. Laƙabi ma na hana ɗan yayata, ko da yake na san shi ne abu mafi sauƙi kuma mafi daɗi a baki. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, laƙabin makaranta kuwa ba ya mutuwa, mutum sai ya yi furfura ana kiransa da shi a gaban 'ya'yansa. Wanda zai iya haƙuri ya bar wa Allah, ya fi mu, aya ta 126 a Suratun Nahli ta faɗi haka ƙarara. Amma ayar nan ta kuma yarda a rama daidai abin da aka yi wa mutum, aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuma ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Ni a fahimtata, iyakar da na tsaya ke nan: ka nuna wa mutum aikinsa da maganarsa, a fili, ba ƙari ba ƙage.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A fadojin da, akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta suke shiga irin ta sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, masu abin suna zaune suna kallo. A ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata suna yin kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka. A Damagaram akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan gwamnati da kayan aiki na karan gero. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai da mawaƙa su karkatar da komai zuwa zancen tuwo, sarki kuma yana ajiye wawansa wanda yake faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Sai tashe, wanda ake farawa in azumi ya kwana goma, inda yaro zai manna gemun auduga ya rungumi allo ya zama malam, ko a fito da gwauro a yi masa tsiya, kamar yadda Nalako, sarkin gwagware, yake jagoranta a Kano. Kakanninmu sun san mai iko yana buƙatar ranar da zai ga kansa a jikin wani, shi ya sa suka ware wa abin lokaci da fili. Mu ma ta wannan ƙofar muka shiga.

A shekarun nan azumi cikin sanyi yake faɗowa, kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta takan shirya daren tashe a ɗakin cin abinci bayan asham. In kana son ka bi wannan hanyar, abu na farko shi ne ka nemi inuwar malami. Mun je wurin malamin Hausa, wanda shi ne uban ƙungiyar, muka gaya masa komai, ba mu ɓoye wanda muke nufi ba. Ya ce, "Akwai suna a ciki?" Muka ce babu. "Akwai zagi?" Muka ce babu. Ya ce, "To ku yi min a nan in gani." Muka yi masa a bayan ofis. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya soke fitowa ta ƙarshe, inda muka shirya talakawa su taru su lakaɗa wa sarkin duka. Ya ce muddin aka ɗaga sanda a kansa, masu kallo za su koma jin tausayinsa, mu kuma mu zama irinsa. Mun ji haushi a ranar, amma shi ne da gaskiya.

Ka ɗauke labarin daga makaranta ka kai shi wani wuri. Namu wani ƙauye ne mai Sarkin Shara. Ka ƙara wa kayan aikinsa girma har su zama abin dariya: usur ɗinmu na kara ne, tsawon kamu guda, jan littafin kuma kwali ne da muka shafa wa jar ƙasa, sai da yara biyu suke ɗaukarsa a bayansa suna nishi. Wanda zai hau matsayin a zaɓi mafi ƙanƙanta, a zura masa babbar riga tana jan ƙasa. Amma a duba wanda yake da kariya. Namu yayansa uwa ɗaya uba ɗaya yana aji shida, kuma shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makaranta, ba mai taɓa ƙaninsa. Kada a tura maraya marar kowa gaba don kawai ya fi iya kwaikwayo. Wasan kada ya wuce minti goma, kuma ya tsaya a kan ɗabi'a ɗaya. Mu ƙirgan nan muka riƙe. A yi gwaji sau uku ko huɗu a wuri mai nisa, mu a bayan gonar makaranta muka riƙa yi da la'asar.

Daren ya zo. Aka kunna fitilar gas biyu, aka jera tebura aka yi dandamali. Shugaban makaranta da mataimakinsa suna gaba a kan kujeru, firfet suna baya a tsaye, mu muna tsakiya a kan benci, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Bayan 'yan wasannin tashe da aka saba, sai ga Sarkin Shara ya fito yana taka rigarsa, masu ɗaukar littafi suna biye. Ya busa usur na kara, ba sauti, sai wani a bayan labule ya yi fito a madadinsa. Ya dubi talakawansa ya ce kowa ya kawo kofin gari. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Kafin in ƙirga uku."

Ya yi shiru. Mun koya masa ya ja shirun nan, ya ƙirga numfashi uku a ransa. Bai kai ga buɗe baki ba ɗakin gaba ɗaya, yara wajen ɗari shida, suka amsa da murya ɗaya, "Biyu!" Ba mu shirya wannan da kowa ba. In ka lura da mutuminka da kyau, masu kallo su za su ƙarasa maka, kai dai ka bar musu gurbin.

Fitowa ta biyu a kasuwa ce. Sarkin Shara ya je sayen ƙosai biyar. Mai ƙosai ya tsuguna, ya gaishe shi doguwar gaisuwa, ɗakin ya sake rikicewa don kowa ya tuna ranar ƙarangiya. Sannan ya fara jefa masa ƙosai a takarda yana ƙirgawa: "Biyu, uku, huɗu, biyar." Sarki ya duba ya ga huɗu. Ya ce, "Kai, ina ɗaya?" Mai ƙosai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai a garin nan kai ka kashe ɗaya." Na waiga baya a lokacin. 'Yan ajin su Lebo ne suka fi kowa dariya, wani yana bubbuga masa kafaɗa, wani ya durƙushe ya riƙe ciki. Shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, hannunsa a kan aljihun gaba. A gaba kuma na ga shugaban makaranta ya goge hawaye da hankici, ya karkata wajen mataimakinsa yana nuna jan kwalin nan da baki. Kafin azahar ta washegari an kira Lebo ofis, ya fito ba littafi. Harajin gari bai sake dawowa ba har muka gama makarantar.

Akwai abin da muka tsira daga gare shi wanda ku ba ku tsira ba, shi ne waya. Namu wasan a ɗakin ya fara, a ɗakin ya ƙare. Yau wani zai ɗauka a ɓoye ya ɗora a TikTok ko ya watsa a WhatsApp, ya rubuta sunan mutum da na makaranta a ƙasa. Ku hana wannan da ƙarfinku tun kafin a fara, ku roƙi malamin ya faɗa da bakinsa. Sinyan nan komai muguntarsa yaro ne ɗan sha bakwai ko sha takwas, bidiyo kuwa zai bi shi har wurin neman aiki da neman aure, ramuwa ta zarce cuta ke nan. Sannan akwai hukuma. Tun 2015 Nijeriya take da dokar laifuffukan intanet, kuma ana kama mutane a kan abin da suka wallafa. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A ganina hukuncin ya yi tsauri ƙwarai, kuma abin kunya ne a ƙasar da ta san wasan gauta. Amma haka ƙasar take, kuma ba na son ɗan kowa ya shiga hannu.

Manya da suke fama da wani oga a ofis ko mai gidan haya za su iya ɗaukar rabin farko, wato biyayyar nan. Wanda ya ce takarda ko ta sayen tsintsiya ce kada ta fita sai da sa hannunsa, a kai masa kowace ɗaya, cikin ladabi, a kan lokaci, har teburin ya cika. Sai dai babba yana da iyali da albashi a wuya, shi ya san nauyin da zai iya ɗauka.

Abu na ƙarshe da na gaya wa ɗan yayata shi ne sanin wurin tsayawa. Sau ɗaya ake yin wasan. In abin da ake kuka da shi ya tsaya, kowa ya tsaya. Washegarin daren nan wasu 'yan aji ɗaya suka fara bin Lebo daga nesa suna cewa "biyu, biyu" ƙasa-ƙasa, mu da kanmu muka kama su a bakin famfo muka ja musu kunne. Jarrabawar fita tana gabansa, kuma abin da muke nema mun samu. Ka fito aiki a kan lokaci, ka yi shararka da kyau fiye da kullum, in kun haɗu ka gaishe shi gaisuwar mutunci, kada ka ba shi wata kafa.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka taru a gindin darbejiya da langalanga da tsintsiya, sanyi yana kaɗawa, kowa bakinsa a bushe da azumi. Lebo ya fito ya busa usur. Ya raba wurare: 'yan aji ɗaya gaban ofis, 'yan aji biyu bayan ɗakin karatu, wankin masai kuma bi da bi bisa jerin gadaje. Ya ɗaga yatsa kamar yadda ya saba, muka ga bakinsa ya buɗe. Fili ya yi tsit, ba wanda ya ko motsa. Sai ya sauke hannun ya sa a aljihu ya ce, "Ku wuce aiki." Muka ɗauki langalanga muka wuce.